Abubuwan da ya kamata ka sani game da tseren siki na dogon zango da shekarun gasar Charlotte Kalla

Charlotte Kalla 'yar ƙasar Suwidin ce da ta yi kimanin shekara 16 tana fafatawa a tseren siki na dogon zango, daga 2006 zuwa 2022. A tsawon wannan lokaci ta tara lambobin yabo 9 a gasar Olamfik ta hunturu, da wasu 13 a Gasar Zakarun Duniya. Wanda ya tashi a ƙasar da ba a ganin dusar ƙanƙara zai iya jin waɗannan alƙaluma ya wuce, domin bai san wahalar da ke bayan kowace lamba ba. Kafin a gane girman abin da ta yi, sai an fahimci wasan kansa, da yadda ake horar da jiki dominsa, da kuma abin da ya sa wadda ba ta taɓa zama gwarzuwar kaka guda ba ta shiga sahun manyan 'yan wasan ƙasarta.

Mene ne wannan wasa

Siki wasu siraran alluna ne guda biyu da ake maƙalawa a ƙafa don a zame a kan dusar ƙanƙara. Faɗin allon tsere bai wuce yatsu uku ba, tsawonsa kuwa yakan ɗan zarce tsayin mai shi. Bakin takalmi kaɗai ake kamawa a jikin allon, diddige yana sake yadda ƙafa za ta iya ɗagawa. A kowane hannu akwai doguwar sanda mara nauyi da ake cakawa a ƙasa a tura jiki gaba.

Akwai wani wasan siki dabam wanda aka fi nunawa a talabijin, inda na'ura ke ɗaukar mutum zuwa kan dutse, shi kuma ya gangaro da gudu. A tseren dogon zango babu mai ɗaukar kowa. Da ƙarfin ƙafarsa da hannunsa da bayansa ɗan tsere ke hawan tudu, ya ratsa daji, ya gangara, ya sake hawa. Ƙa'idar shimfiɗa hanyar gasa ita ce a raba ta kusan kashi uku: hawa, gangara, da fili mai ɗan hawa da sauka. Amma da yake hawa ya fi cin lokaci, a kan tudu ɗan tsere ke ƙarar da mafi yawan mintocinsa, kuma a nan ake rabuwa tsakanin gwani da mai bi masa.

Asalin abin ba wasa ba ne, hanyar tafiya ce. A 1924 an tono wasu allunan siki a fadamar Kalvträsk da ke arewacin Suwidin, waɗanda bincike ya nuna sun haura shekara 5,000. Al'ummar Sami, makiyayan barewar arewa, da siki suke bin garkensu suna farauta tun zamanin da. A 1924 ɗin ne kuma aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a Chamonix ta ƙasar Faransa, da tseren dogon zango a ciki, amma na maza kaɗai. Sai a gasar Oslo ta 1952 aka buɗe wa mata ƙofa.

Salo biyu da ire-iren tsere

Salon gargajiya shi ne na asali. Ana yanka layi biyu a jikin ƙanƙara, allunan su bi cikinsu a miƙe, ɗan tsere yana taka ƙafa ɗaya ya zame da ɗayar. Salo na biyu, wanda ake kira sakakken salo, ya bazu ne a farkon shekarun 1980, bayan da Ba'amurke Bill Koch ya yi amfani da wani nau'insa ya lashe Kofin Duniya a 1982. A wannan salo ana buɗe bakin allunan waje, a riƙa tura ƙafa gefe, dama da hagu. Ya fi na gargajiya sauri, har ya kusa kashe shi, sai hukumar siki ta duniya, FIS, ta raba su gida biyu a tsakiyar shekarun 1980, kowanne da nasa tseren da nasa kayan.

Tseren ma iri-iri ne. Akwai wanda ake sakin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, da tazarar daƙiƙa 30, kowa ya yi ta fama da agogo ba tare da ya ga abokin hamayyarsa ba. Akwai na tashi tare, inda dabara da haƙuri ke aiki kamar ƙarfi. Akwai na haɗaka, inda mata a zamanin Kalla ke yin kilomita 7.5 a salon gargajiya, su tsaya su sauya alluna da sanduna a guje, su ƙara 7.5 a sakakken salo. Akwai gajeren tsere na kilomita ɗaya da 'yan kai, da na 'yan bibbiyu masu karɓar juna har sau shida. Sai na karɓa-karɓa, mata huɗu, a zamanin Kalla kowacce kilomita 5, biyun farko a salon gargajiya, biyun ƙarshe a sakakke. Ba a miƙa sanda a nan, taɓa jikin abokiyar wasa ake yi da hannu.

Sai kuma a bambance gasa uku, domin sunayensu na rikitarwa. Kofin Duniya jerin tsere ne da ake yi kusan kowane ƙarshen mako daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris, ana tara maki. Gasar Zakarun Duniya ana yin ta duk bayan shekara biyu, cikin kwana goma sha wani abu. Olamfik kuwa sai bayan shekara huɗu.

Dalilin da Suwidin ke fitar da irin waɗannan 'yan wasa

An haifi Kalla ranar 22 ga Yuli 1987, ta tashi a Tärendö, wani ƙaramin ƙauye a gundumar Pajala, can ƙuryar arewacin Suwidin kusa da iyakar Finlan. Yankin yana cikin inda rana ba ta faɗuwa a tsakiyar bazara, a tsakiyar hunturu kuma da ƙyar take leƙowa. Ƙanƙara kan kwanta a can kusan rabin shekara. Yaro a irin wannan wuri yana koyon siki ne tun kafin ya san cewa wasa ne.

Sanyi kaɗai ba ya haifar da zakara, domin ƙasashe masu ƙanƙara suna da yawa. Abin da Suwidin ke da shi tsari ne. Kusan kowane gari yana da ƙungiyar wasa da iyaye ke riƙewa da aikin sa kai, da hanyar siki mai fitilu don a yi atisaye cikin duhun yamma. Kalla ta fara ne a ƙungiyar ƙauyensu, IFK Tärendö. Daga nan yaran da suka nuna alama sukan shiga makarantun sakandare na musamman, inda ake haɗa karatu da horo a ƙarƙashin ƙwararrun masu koyarwa. A garin Torsby har ramin ƙarƙashin ƙasa aka gina mai tsawon kilomita 1.3, wanda aka buɗe a 2006, ana sanyaya shi yadda za a sami ƙanƙara ko a bazara.

Sai kuma tarihi. Tseren Vasaloppet, mai kilomita 90 daga Sälen zuwa Mora, ana yin sa tun 1922, kuma dubban mutane na gari ke shiga kowace Lahadin farko ta Maris. Ƙasar ta fitar da Sixten Jernberg, mai lambobin Olamfik 9 tsakanin 1956 da 1964, da Gunde Svan, mai zinare 4 a 1984 da 1988, da Thomas Wassberg, wanda ya ci tseren kilomita 15 a 1980 da tazarar kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Abin lura shi ne yawancin waɗannan sunaye na maza ne. Tun daga zinare biyu da Toini Gustafsson ta ci a Grenoble a 1968, babu wata mace 'yar Suwidin da ta sake cin zinaren Olamfik ita kaɗai a wannan wasa, har zuwan Kalla. Vasaloppet ma an hana mata shiga a hukumance daga 1924 har 1980.

Yadda ake gina jikin ɗan tsere

Masana motsa jiki sun daɗe suna sanya 'yan tseren siki a sahun gaba wajen yawan iskar oksijin da jiki ke iya ja ya yi aiki da ita. Dalili a fili yake: mai gudu da ƙafa yake aiki, mai keke ma haka, amma ɗan siki ƙafa da hannu da ciki da baya duk suna neman jini a lokaci guda. Zuciyar da za ta ɗauki wannan nauyi ba a gina ta cikin shekara ɗaya ko biyu.

Mafi yawan aikin a lokacin da babu ƙanƙara ake yin sa. Daga Mayu zuwa Oktoba manyan 'yan wasa suna atisaye sau biyu a rana, suna gudu a fadama da kan duwatsu, suna hawa tudu da sanduna, suna ɗaga ƙarfe, suna kuma bin kwalta da siki mai taya, wato gajeren allo da aka sa wa ƙananan tayoyi gaba da baya. A shekara sukan haɗa awa 800 ko fiye. Abin da kan ba baƙo mamaki shi ne kaso mafi tsoka na waɗannan awoyi a hankali ake yin su, yadda mutum zai iya magana yana tafe. Atisaye mai tsanani kaɗan ne, kuma a ƙididdige yake, domin wanda ya matsa wa jikinsa kullum zai iso hunturu a gajiye. Sukan kuma je tsaunukan Italiya su yi makonni, domin ƙarancin iska a can yana sa jiki ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini.

Wannan batu na jini shi ne kuma ƙofar da maguɗi ke shigowa. A Gasar Zakarun Duniya ta 2001 a Lahti an kama 'yan wasan Finlan 6 da haramtaccen sinadari, abin da ya zubar da mutuncin wasan na tsawon shekaru. Shi ya sa a yau ake bin manyan 'yan wasa har gida ana ɗibar jininsu ba tare da sanarwa ba.

Sanyi ma yana da nasa haraji. Dokar FIS ta ce idan ya kai ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifiri, a ɗage tsere. Ko bai kai haka ba, shaƙar busasshiyar iska mai sanyi shekara da shekaru tana taɓa hanyoyin numfashi, kuma ciwon asma ya yawaita a tsakanin 'yan wannan wasa.

Kaki, aikin da ba a gani

Babu wanda zai fahimci sakamakon tsere idan bai san batun kaki ba. Ana shafa wa ƙasan allo kaki iri biyu. Ɗaya na santsi ne, don allon ya zame da sauƙi. Ɗayan na riƙo ne, ana shafa shi a tsakiyar allon salon gargajiya, daidai ƙarƙashin ƙafa. An ƙera allon da ɗan lanƙwasa, yadda idan ɗan tsere ya raba nauyinsa a kan ƙafa biyu tsakiyar ba ta taɓa ƙasa, idan kuwa ya danna ƙafa ɗaya sai kakin ya kama ƙanƙara ya ba shi wurin turawa.

Wahalar ita ce ƙanƙara ba iri ɗaya ba ce. Sabuwa tana da ƙwayoyi masu tsini, tsohuwa ta goge ta zama dunƙule, jiƙaƙƙiya kuma tana tsotse allo. Kowacce da kakin da ya dace da ita, kuma canjin digiri ɗaya kan iya rushe zaɓin da aka yi da safe. Idan kakin riƙo ya yi tauri, ƙafa za ta riƙa sulɓewa baya a kan tudu. Idan ya yi laushi, ƙanƙara za ta riƙa taruwa a ƙasan allon, kamar yadda laka ke manne wa takalmin mai ratsa taɓo da damina, kowane taku ya fi na baya nauyi. Saboda haka manyan ƙasashe ke zuwa gasa da babbar mota da aka mayar ɗakin aiki, da tawagar masu shafa kaki da ke tashi tun asuba suna gwada alluna. Ɗan tsere guda kan mallaki alluna masu yawa, a zaɓar masa biyu a ranar. Daga kakar 2023 zuwa 2024 an haramta kakin da ke da sinadarin fulorin, saboda illarsa ga ƙasa da lafiyar masu shafa shi.

Wannan ne ya sa a ce wasan na mutum ɗaya ne bai cika zama gaskiya ba. Biyu daga cikin manyan ranakun Kalla suna da alaƙa da abin da ya faru a ɗakin kaki.

Tashinta: 2008 da 2010

Kalla ta ci zinare a gasar matasa ta duniya a 2006 da 2007, amma a Janairun 2008 ƙasarta ta san ta sosai. Gasar Tour de Ski jerin tsere ne da ake yi kusan kullum a ƙarshen Disamba da farkon Janairu, ana ƙarewa da hawan dutsen Alpe Cermis a Italiya. Wannan hanya an yi ta ne don masu gangarowa, amma a ranar ƙarshe sai a sa 'yan tsere su hau ta, sama da mita 400 a tsaye cikin tafiyar da ba ta kai kilomita 4 ba. Kalla tana da shekara 20, kuma karonta na farko ke nan. Ta tashi a bayan Virpi Kuitunen ta Finlan, mai riƙe da kambun, ta cim mata, ta wuce ta a kan dutsen. Masu sauraron rediyon Suwidin suka zaɓe ta ta karɓi kyautar Jerring ta wannan shekara.

Bayan shekara biyu, ranar 15 ga Fabrairu 2010, ta ci tseren kilomita 10 a sakakken salo a Olamfik ta Vancouver a Kanada, cikin minti 24 da daƙiƙa 58, a gaban Kristina Šmigun-Vähi ta Istoniya da Marit Bjørgen ta Norwe. Jiran shekara 42 tun zinaren Gustafsson ya ƙare. A gasar ta ƙara da azurfa a tseren 'yan bibbiyu tare da Anna Haag, a 2011 kuma ita da Ida Ingemarsdotter suka ci zinaren wannan tsere a Gasar Zakarun Duniya ta Oslo, a gidan abokan hamayyarsu 'yan Norwe.

Ranar Sochi

A Olamfik ta 2014 a Sochi ta Rasha, Kalla ta riga ta karɓi azurfa biyu, ɗaya a bayan Bjørgen, ɗaya a bayan Justyna Kowalczyk ta Folan, kafin ranar karɓa-karɓa, 15 ga Fabrairu. Kowa ya sa ran Norwe ce za ta lashe, amma allunansu ba su yi gudu ba a ranar, suka ƙare na 5. Ida Ingemarsdotter da Emma Wikén da Anna Haag suka yi zangonsu, aka taɓa Kalla tana ta uku, daƙiƙa 25.7 a bayan Finlan da Jamus.

Ya kamata a tsaya a auna wannan tazara. Zangon kilomita 5 ba ya kai minti 15. Rufe daƙiƙa 25 a cikinsa yana nufin ta fi waɗanda ke gabanta sauri da daƙiƙa 5 a kowace kilomita, kuma waɗannan su ne zaɓaɓɓun ƙasashensu. Ga shi su biyu ne, suna iya kare wa juna iska, ita kuwa ita kaɗai ce. Abin da aka saba gani shi ne mai bin sawu ya ƙone ƙarfinsa wajen kamowa, idan ya iso ba shi da sauran abin da zai yi faɗan ƙarshe da shi. Kalla ta cim ma Krista Lähteenmäki ta Finlan da Denise Herrmann ta Jamus gab da ƙarshe, ta shiga kwanar ƙarshe ta ciki, ta riga su tsallaka layi da rabin daƙiƙa. Wannan ne zinaren karɓa-karɓa na farko da matan Suwidin suka ci a Olamfik tun 1960. A ƙasarta har yau wannan zango ne aka fi tunawa da ita a kansa, kuma ya cancanta, domin a cikinsa ƙarfi da lissafi da sanyin kai suka haɗu.

Falun, a gaban mutanen gida

A 2015 Suwidin ce ta karɓi baƙuncin Gasar Zakarun Duniya a garin Falun. Ranar tseren kilomita 10, ƙanƙara ta fara zuba ana tsakiyar gasa, hanya ta yi nauyi ga waɗanda aka saki daga baya, wato manyan 'yan wasa. Masu kakin Suwidin sun yi zaɓin da ya dace da sabuwar ƙanƙara, na Norwe ba su yi ba. Kalla ta yi nasara da tazarar daƙiƙa 41, Amurkawa biyu, Jessica Diggins da Caitlin Gregg, suka biyo ta, babu 'yar Norwe ko ɗaya a cikin ashirin na farko. Akwai masu cewa kaki ne ya ci wannan tsere. Kakin ya taimaka, babu shakka, amma Kalla ma a cikin masu tashi daga baya take, ƙanƙarar da ta zubar wa sauran ita ma ta zubar mata. A makon kuma ta ƙara da tagulla biyu da azurfa ɗaya, a ranakun da allunan Norwe ba su da matsala. Idan aka cire gajeren tsere, rabon da wata 'yar Suwidin ta ci zinaren wannan gasa ita kaɗai tun 1987, shekarar da aka haifi Kalla.

Ciwo, sauyin tsari da zinaren 2018

A 2016 ta ɗauki matakin da ba kowa ke iyawa ba: ta fita daga atisayen tawagar ƙasa, ta koma horo da mai koyar da ita, Magnus Ingesson, bisa tsarin da ya dace da jikinta. Farkon kakar bai yi daɗi ba. A tseren buɗe kaka a Ruka ta Finlan ta ƙare can baya, gwaji ya nuna bugun zuciyarta ya rikice a lokacin tseren. Bayan likitoci sun ba ta izini ta dawo, cikin wata uku ta karɓi lambobi 3 a Gasar Zakarun Duniya ta Lahti.

Ranar 10 ga Fabrairu 2018, a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, aka yi tseren haɗaka, wanda shi ne ya ba da zinaren farko na gasar baki ɗaya. Kalla ta zauna cikin ayari har sai da ya rage 'yan kilomita, sannan ta ɓalle a kan tudu, ba wadda ta iya bin ta. Bjørgen ta zo ta biyu da tazarar daƙiƙa 7.8. Ta ƙara azurfa uku a gasar, ciki har da tseren 'yan bibbiyu da ita da Stina Nilsson suka rasa a hannun Amurka da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Da haka lambobinta na Olamfik suka kai 9, zinare 3 da azurfa 6, daidai da yawan na Jernberg, kuma babu macen Suwidin da ta kai haka a lokacin. Gaskiya ta buƙaci a ambaci cewa Therese Johaug ta Norwe ba ta gasar, domin tana zaman dakatarwar wata 18 kan wani sinadari da ya shiga jikinta ta man leɓe. Amma Bjørgen tana nan, kuma a gasar ta cika lambobinta 15.

Yadda ya dace a auna ta

Kalla ba ta taɓa lashe Kofin Duniya na kaka guda ba. Zamaninta zamanin Bjørgen ne da Kowalczyk da Johaug, matan da kan ci tsere bayan tsere tun daga Nuwamba. Wanda ya duba teburin maki kaɗai zai ɗauke ta a matsayin ta sahu na biyu, kuma zai yi kuskure.

Jikin ɗan Adam ba ya zama a ƙololuwar ƙarfinsa wata huɗu a jere. Mai koyarwa da ɗan wasa sukan zaɓi makonnin da suke so ƙarfin ya cika, su ƙara nauyin atisaye kafin nan, su sassauta idan lokaci ya matso, ko da hakan zai sa a rasa maki a Disamba. Kuskuren mako guda, ko mura a ranar da ba ta dace ba, kan ɓata shirin shekara huɗu. Daga 2009 zuwa 2019 an yi manyan gasa 9, wato Gasar Zakarun Duniya 6 da Olamfik 3, kuma babu ɗaya da Kalla ta koma gida hannu rabbana. Ta fara a matsayin gwanar sakakken salo, ta yi ta gyaran salon gargajiya har ta ci azurfar Olamfik da ta Zakarun Duniya a cikinsa. Iya isowa a shirye ranar da ake buƙata, shekara goma a jere, shi ne abin da ya fi wuya a wannan wasa, kuma a nan darajarta take.

Ƙarshen zango da waɗanda suka biyo baya

A 2019 a Seefeld ta Ostiriya, Kalla ta yi zango na uku a tawagar da ta ci wa matan Suwidin zinaren karɓa-karɓa na farko a tarihin Gasar Zakarun Duniya. Biyu daga abokan tafiyarta, Ebba Andersson da Frida Karlsson, yara ne 'yan firamare lokacin da ta hau Alpe Cermis. Shekarun ƙarshe sun yi mata nauyi. Korona ta kama ta a ƙarshen 2020, ciwon baya ya biyo, a karɓa-karɓar 2021 kuma ta rasa lokaci mai yawa a zangonta, Suwidin ta ƙare ta 6. Ta je Olamfik ta Beijing a 2022 ba ta sami lamba ba, ba a kuma sa ta a tawagar karɓa-karɓa ba. A wannan gasar ce Samuel Ikpefan, haifaffen Faransa, ya wakilci Najeriya a tseren siki na dogon zango, karo na farko ga ƙasar. A Maris 2022 Kalla ta sanar da ajiye wasa, ta yi tserenta na ƙarshe a gasar ƙasa a Piteå, garin ƙungiyar da ta daɗe tana wakilta.

Lokacin da ta fara, zancen siki a Suwidin zancen maza ne. Lokacin da ta bari, tawagar mata ce ƙasar ke dogaro da ita wajen lambobi. Ba ita kaɗai ta kawo wannan sauyi ba, akwai makarantu da masu koyarwa da ƙungiyoyin ƙauyuka, amma ita ce ta nuna wa 'yan matan cewa ana iya doke Norwe a ranar babbar gasa. Jonna Sundling ta ci zinaren gajeren tsere a Beijing. Frida Karlsson ta lashe Tour de Ski a Janairun 2023, 'yar Suwidin ta farko tun bayan Kalla. Dokar wasan ma ta sauya: daga kakar 2022 zuwa 2023 an daidaita tsawon tseren maza da na mata a Kofin Duniya. A Maris 2025, a Trondheim ta Norwe, mata suka yi tseren kilomita 50 karo na farko a Gasar Zakarun Duniya, kuma Karlsson, wadda ta taɓa Kalla a karɓa-karɓar Seefeld, ita ta lashe shi.